Yadda za ka gwada manhajarka da mutane kafin ka ce ka gama

Gwaggona uwar adashi ce a unguwarmu, can wajen Ƙofar Marusa a Katsina, ta fi shekara ashirin tana riƙe kuɗin mata. Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, zubi ya koma hannun masu POS da tiransifa, lissafi ya fara cakuɗe mata. Ni da na karanci kwamfuta na ce zan ɗauke mata wannan nauyi. Wata biyu na yi ina gina manhaja. Ranar da na miƙa mata wayar, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina sunan mai kwasa wannan satin?" Sai an danna sau huɗu ake isa wurinsa. Shafin farko na cika shi da jimilla da zane-zanen lissafi waɗanda ni kaɗai suke burgewa. Ta maido mani da wayar, ta jawo littafinta.

Abin da zan faɗa a nan shi ne hanyar da nake bi tun daga ranar. Masana sun daɗe da tsara ta, har akwai ƙa'idar duniya a kanta, ISO 9241-210, wadda ta fito a 2010. Gundarinta shi ne ka san mutanen da yanayin aikinsu, ka fitar da buƙatarsu, ka ƙera, ka gwada da su, ka koma ka gyara. Amma yadda ake yin haka a Katsina ba ya cikin takardar.

Fara da kallon yadda ake aikin yanzu, tun kafin ka buɗe kwamfuta. Na koma na yi yammaci uku a gefen tabarmar Gwaggo ranar zubi, ban zo da komai ba sai biro. A nan na ga sunayen da ajami take rubuta su, kuma ba sunan yanka ba, "Maman 'yan biyu", "Amaryar gidan mai nama". Na ga mace ɗaya tana da hannu biyu, wasu biyu kuma sun haɗa hannu ɗaya suna raba kwasa. Na ga wadda haihuwa ta zo mata, aka roƙi mai layi ta bar mata, Gwaggo ta ja kibiya tsakanin sunayen biyu, magana ta ƙare. Manhajata suna ɗaya hannu ɗaya ta sani, kuma layi ba ya sauyuwa. Da tambayarta na yi yadda adashi yake, ba za ta ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba, domin a wurinta ba abin faɗa ba ne. Sai ido ya gani.

Daga nan sai zaɓen waɗanda za ka gwada da su. Ba ka buƙatar taro. Jakob Nielsen, wanda ya shahara a wannan fage, ya rubuta a shekarar 2000 cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da abu, don haka gara ƙananan gwaji da yawa da babba guda. Sai dai biyar ɗin na mutane iri ɗaya ne. Idan abokanka biyar na jami'a ka tara, ka gwada wa masu irin idonka da irin wayarka ne kawai. Ni nakan fara da waɗanda abin zai fi yi wa wuya: tsohuwar da idonta ya yi rauni, wanda bai yi boko ba, makaho, kurma, mai rawar hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa mai tasiri, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya. Kuma na lura duk gyaran da na yi domin su, kowa ya ji daɗinsa. Maɓallin da na ƙara wa girma saboda dattijo, shi ne ɗan acaɓa ke iya dannawa da hannu ɗaya.

Ka bi ta ƙofa. Ka gaida mai unguwa, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Makafi da guragu da kurame suna da sarakunansu da shugabanninsu tun kafin a haife mu, ga kuma ƙungiyar JONAPWD ta masu buƙata ta musamman. Ta hannunsu za ka shiga, kada ka tare mutum a bakin masallaci ka cusa masa waya. Cikin gidan matan aure kuwa ba wurinka ba ne in kai namiji ne. Ni ƙanwata na koya wa aikin, ita ke shiga, kuma abin da take fitowa da shi ya fi nawa, don mata suna sakin jiki da ita. Bayan la'asar ya fi, an gama girki, rana ta yi sanyi. Ka kauce wa ranar kasuwar garin, da Juma'a kafin a sauko.

Ka faɗa wa mutum da baki, a Hausa, me za ka rubuta, wa zai gani, da cewa yana iya tashi duk lokacin da ya so. In za ka naɗi murya, ka nemi izini daban. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana nan, amma ko babu ita, sirrin kuɗin mace amana ne. Ka kuma biya mutum lokacinsa. Mai faci da ya ba ka sa'a guda ya bar ciniki ne ya zauna da kai.

Gwajin farko a kan takarda nake yin sa. Nakan yanka kwali daidai girman waya, in zana kowane shafi da maka, mutum ya taɓa da yatsa, ni kuma in sauya kwalin. Amfaninsa biyu: gyara ba ya cin komai, kuma mutane ba sa jin nauyin kushe kwali kamar yadda suke jin nauyin kushe abin da suka ga an sha wahala a kansa.

Wannan nauyin shi ne babban abin da zai ɓata maka bincike, kuma a kansa nake so mu daɗe. Mu mutane ne masu kara. Ka tambayi dattijo, "Baba, ya ka gan shi?" zai ce, "Ya yi kyau ƙwarai, Allah ya yi albarka," alhali bai gane komai ba. Ba ƙarya ya yi maka ba, mutunta ka ya yi. Saboda haka kada ka nemi ra'ayi, ka ba da aiki. Ka ce, "Inna, ga wata ta kawo zubin dubu biyu, a shigar mata." Sannan ka ja bakinka ka yi shiru, ka haɗe hannuwanka a cinya. Za ta tsaya, za ta danna inda ba nan ba, za ta ɗago ta dube ka. Zuciyarka za ta ce ka nuna mata. Kada ka nuna. Ka ce, "Me kike nema a nan?" ko "Me kike zaton zai faru in kin taɓa wannan?" Inda yatsanta ya tsaya yana shawagi, nan ciwon yake, ka rubuta. Tun farko kuma ka gaya mata cewa manhajar ake jarrabawa, ba ita ba. Duk da haka za ka ji ta ce, "Ni ce dai ban da kai." Wannan maganar tana ci mani rai duk lokacin da na ji ta, domin matar da ke riƙe lissafin mutum talatin a ka, abin da na ƙera ne ya sa ta faɗi haka. Ka amsa mata nan take cewa laifin naka ne, kuma ta taimake ka da ta nuna maka shi. In ta gaji, a tsaya.

Da ka wuce kwali, ka gwada a wayar mutumin, ba taka ba. Tecno ko Itel mai fasasshen gilashi, cike da hotunan biki, caji saura kaɗan, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ka fita da ita tsakar gida da rana tsaka ka ga ko rubutun yana karantuwa. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, waɗanda sabon zubinsu na 2.2 ya fito a Oktoban 2023, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, Google kuma ya ba da shawarar kada abin taɓawa a Android ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a fuskar waya). Rubutu ruwan toka a kan fari da masu zane ke so, a ranar Katsina ɓacewa yake. Kada kuma launi kaɗai ya ɗauki ma'ana: in ja na nufin bashi, ka rubuta "bashi". Ka tambaya wa ke riƙe wayar da dare. Mata da yawa da wayar miji ko ta ɗa suke amfani, saƙon da ke bayyana adadin kwasa a fuskar waya zai iya tona abin da mace ta fi so ta rufe. Ni yanzu saƙona "Gwaggo na nemanki" kawai yake cewa.

Da makaho kuwa, ka fara kunna TalkBack, muryar da ke karanta wa makafi abin da ke fuskar waya, a wayarka, ka rufe ido ka gwada, amma kada ka ɗauka hakan ya wadatar. Wani malami makaho da na zauna da shi a zaurensa yana sarrafa wayarsa da saurin da kunnena ba ya iya bi. Ya shiga manhajata, muryar ta ce "button", wato maɓalli, ya matsa, ta sake cewa "button", har sau biyar. Ya ce, "Malam, ka gina ɗakuna ba ka gaya mani na wane ne ba." Kowane maɓalli da kowane hoto yana buƙatar suna a bayansa, aikin da bai kai yini ba. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Mu masu manhaja gyaranmu ba ya buƙatar siminti, ban ga uzurinmu ba. Kurma kuma, ka je da wanda ya iya maganar hannu, kada ka dogara da ɗan gidansu ya amsa a madadinsa, kuma duk abin da ka sa a murya ka sa shi a rubuce.

Saura harshe. Kada ka zauna kai kaɗai ka fassara. Kalmomin da ka ji a bakin mutane su za ka sa: zubi, kwasa, hannu, layi. Ka duba ɓ da ɗ da ƙ suna fita daidai a ƙananan wayoyi masu maɓallai, ba ɗan akwati ba. Ka sani kuma saƙon tes yana ɗaukar harafi 160, amma da ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70, kuɗin turawa ya ƙaru. Ajami ma kada ka raina shi, har yau yana kan takardun naira 200 da 500 da 1000, kuma akwai dattawan da shi ne karatunsu. Na bar wa Gwaggo damar ɗaukar hoton sunan da ta rubuta da hannunta, ya tsaya a gefen kowace mace.

A daren ranar gwaji ka zauna ka rubuta abin da ka gani tun bai dushe ba, ka ware abin da mutum ya yi da abin da kake zato. Ka fara gyara abin da ya hana aiki kammaluwa, kwalliya ta jira. Bayan sati biyu ka koma da sababbin mutum biyar, ka kuma leƙa na farkon ka nuna musu abin da maganarsu ta sauya. Sau huɗu na koma wurin Gwaggo. Yanzu sunan mai kwasa ne a saman shafin farko, da manyan baƙaƙe, kuma har yau littafin yana gefenta tana haɗa lissafin biyu kowace ranar zubi.