Yadda ake sayen hannun jari mai daraja da rahusa, a riƙe shi tsawon shekaru

Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙone a kasuwar hannayen jari ta Najeriya a 2008 ba su san abin da suka saya ba. Sun ga farashi yana hawa, suka bi, wasu har da bashin banki. A watan Maris na shekarar ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya rufto zuwa kusan 20,000. Akwai hanyar da ta fi wannan lafiya. Benjamin Graham ne ya koyar da ita a Jami'ar Columbia ta Amurka, bayan shi kansa ya ji jiki a rugujewar kasuwa ta 1929, kuma ɗalibinsa Warren Buffett a kanta ya gina dukiyarsa. Tushenta ɗaya ne: hannun jari wani yanki ne na kamfani mai ma'aikata da kaya da bashi, don haka kamfanin ake duba kafin farashin.

Fara da kuɗin da ba za ka neme su ba nan da shekara biyar. Ban da kuɗin haya, ban da na makarantar yara, ban da rance. Ka nemi dillali mai rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari, ya buɗe maka asusun CSCS inda ake ajiye hannayen jari da sunanka, sannan ka cike takardar da za ta sa rabon ribarka ya riƙa faɗowa asusunka na banki kai tsaye.

Na biyu, zaɓi kamfanin da ka gane abin da yake sayarwa. Siminti, sukari, fulawa, layin waya: kana ganinsu a kasuwa, ka san ko ana saye. In ba za ka iya yi wa ɗanka bayanin inda kamfani yake samun kuɗi ba, ka bar shi. Mai neman tsarkin dukiya zai iya farawa da jerin kamfanoni na kasuwar hannayen jari ta Najeriya mai suna NGX Lotus Islamic Index, wanda aka kafa a 2012, ya tsame kamfanonin giya da caca da bankunan ruwa.

Mataki na uku shi ne aikin gaske, kuma a nan mutane suke ƙyuya. Ka sauko da rahoton shekara na kamfanin, na shekara biyar a jere, ba na bana kaɗai ba. Duba ribar da ta rage bayan haraji: tana ƙaruwa, ko yau akwai gobe babu? Daga nan ka leƙa shafin shiga da fitar kuɗi, domin kamfani yana iya rubuta riba alhali kuɗin suna hannun 'yan bashi. Sai ka tsaya sosai a kan bashin da ake bin kamfanin, musamman na dala. Da aka saki Naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023, manyan kamfanoni irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria sun rufe shekarar da asara, ba don ciniki ya tsaya ba, sai don abin da za su biya da kuɗin waje ya ninka a lissafin Naira. Nauyin yana rubuce a rahotanninsu tun kafin lokacin, ga wanda ya karanta.

Na huɗu, auna farashi da daraja. A ce hannu ɗaya yana kan Naira 60, ribar da kowane hannu ya samar a shekara kuma Naira 10 ce. Raba 60 da 10, ka samu 6: wato ribar shekara shida ta mayar da kuɗinka. Graham ba ya son wannan adadi ya wuce 15. A ganina, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ya kamata mutum ya fi haka tsanani, ya kuma fifita kamfanin da zai iya ƙara kuɗin kayansa ba tare da masu saye sun gudu ba. Sannan ka bar wa kanka tazarar kariya. In lissafinka ya ce darajar hannun ta kai Naira 90, kada ka saya sai farashinsa ya sauko wajen 60, saboda lissafi yakan yi kuskure. Kamar sayen hatsi ne a kaka: buhun gero bai canza ba, kasuwa ce ta cika. Amma a kula, wani arahar na kayan da ya lalace ne, shi ya sa karatun rahoto ya riga wannan mataki.

Kada ka zuba komai wuri ɗaya. Graham ya ba da shawarar kamfani 10 zuwa 30. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da kaɗan a fannoni daban-daban, ya riƙa ƙarawa.

Saura jira. Daina duba farashi kullum, ya isa ka karanta rahoton da kamfani ke fitarwa duk wata uku. Rabon ribar da ya shigo, bayan an cire harajin kashi 10, ka mayar da shi cikin jari. Kamfanin Buffett, Berkshire Hathaway, ya fara sayen hannayen jarin Coca-Cola a 1988 kuma ya riƙe su fiye da shekara talatin.

Faɗuwar farashi kaɗai ba dalilin sayarwa ba ne. In kamfani yana nan lafiya, damar ƙari ce. Ka sayar in bashi ya fara cinye ribar, ko shugabanni sun fara ɓoye lissafi, ko kuwa farashi ya haura darajar da ka lissafa nesa ba kusa ba.