Yadda Nake Yada Zango a Bakin Kogi Cikin Gandun Daji

Daren farko da na kwana a bakin kogi cikin gandun daji na gwamnati, muryar ruwan ce ta tashe ni. Da muka kwanta, ƙara ce siririya mai sa barci. Wajen ƙarfe uku na dare sai na ji ta yi kauri, har da ƙwanƙwasar duwatsu suna gogar juna a ƙarƙashi. Na haska tocila, sai ga ruwa saura taku biyu ya taɓa turken tantinmu. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba, taurari ma reras a sama. Ashe can kan tsaunuka aka kwana ana tafka shi. Ni da abokin tafiyata muka ciccibi tantin yadda yake, muka haura tudu da shi. Tukunya ɗaya da warin takalmina suka bi ruwa.

Laifina ne, ba na kowa ba. An ba mu fili mai lamba, na raina shi, na sauka ƙasa kan wani yashi mai laushi sumul kamar an share. Da gari ya waye, ma'aikacin gandun bai yi mini faɗa ba, tambayata kawai ya yi wa nake zaton ya share yashin nan. Tun daga ranar na daina zaɓen wurin kwana don kyansa.

Kafin ka bar gida, ka gama da takardu. Gandun daji da yawa sai ka kama fili tun da wuri ta intanet ko ta waya, filayen da ke kallon ruwa kuwa su ake fara wawashewa. Ka san lokacin da ake rufe ƙofa, don akwai inda in ka makara sai dai ka kwana a waje. Idan ka samu wani ma'aikaci a waya, kada ka tsaya kan kuɗin shiga kaɗai. Tambaye shi ko akwai madatsar ruwa a saman kogin da ake saki ba zato, ko an yarda a hura wuta a wannan lokacin, ko ruwan famfon sansanin na sha ne, da kuma dabbobin da ke zuwa mashaya kusa. Hasashen yanayin da za ka duba kuma ba na inda za ka kwana kaɗai ba, har da na inda kogin ya taso. Sannan ka kafa tantinka sau ɗaya a tsakar gida, ka ƙirga turaku da sanduna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Taswira ka sauke ta a waya ko ka riƙe ta takarda, domin a kwarin kogi sau da yawa babu sabis, kuma ka faɗa wa wani ranar da za ka dawo.

Ka isa da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin faɗuwarta. Kada ka sauke ko jaka ɗaya tukuna. Rufe mota ka tafi gaida mai masauki, wato kogin.

Abin da nake fara nema shi ne shaidar da ambaliya ta bari. Ɗaga kai ka dubi rassan itatuwan bakin gaɓa. In ka ga busasshiyar ciyawa da ƙirare da leda sun maƙale a reshe, duk sun karkata gefe guda, to ruwa ya taɓa kaiwa nan, ko da reshen ya fi ka tsawo. Dubi jikin duwatsu da kututture, za ka ga layin laka kamar an ja da alli. Ƙasar da babu tsohuwar ciyawa a kanta, sai yashi da tsakuwa masu santsi, shimfiɗar kogi ce, aronta kawai ya ba ka. Tsibirin yashi na tsakiyar ruwa da busasshen rafi kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Haka bakin gaɓa mai tsayi a wajen lanƙwasa, inda ruwa ke bugu: ta ƙasa yake cinta, samanta na nan kamar lafiya, rana ɗaya ta rufta.

Wani zai ce ai fili mai lamba hukuma ce ta tsara shi, me zai faru? Gaskiya ya fi inda za ka zaɓa da kanka aminci nesa ba kusa ba, shi ya sa nake cewa ka tsaya a cikinsa. Amma kogi bai san lamba ba. A watan Janairun 1997, ruwan sama mai ɗumi ya sauka kan dusar ƙanƙara a gandun Yosemite na Amurka, kogin Merced ya cika ya shafe sansanoni biyu na bakinsa, ba a kuma sake gina su ba. A ranar 15 ga Yulin 1982, wata tsohuwar madatsa ta ɓalle a gandun Rocky Mountain, shi ma na Amurka, da sassafe, ba hadari ba komai, mutum uku suka rasu. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 11 ga Yunin 2010, a sansanin Albert Pike da ke wani dajin gwamnati a jihar Arkansas: kogin ya tashi kimanin mita 6 cikin 'yan sa'o'i, da tsakar dare, mutane na barci, 20 suka mutu. Ba don in tsorata ka na kawo waɗannan ba. So nake ka yi abu biyu da ba za su ci maka minti goma ba.

Na farko, ka taka da ƙafarka daga filinka zuwa tudu mafi kusa tun da haske, ka nuna wa kowa hanyar, har yara. Da ƙafa na ce, ba da mota ba, don hanyar mota sau da yawa gefen kogin take bi ko ta tsallaka shi. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma ya isa ya ɗauki ƙaramar mota. Duk da haka ka juya motar ta fuskanci mafita, makulli kuma ya kwana wuri ɗaya da tocila da takalmi. Na biyu, ka samu sanda ka soke ta daidai inda ruwa ya tsaya. Ka duba ta da almuru, ka sake dubawa kafin ka kwanta. In ruwan ya haura ta, ko ya rikiɗe daga garau zuwa jajaja, ko ka ga itace da kumfa suna wucewa, tattara ka hau sama, ka kuma sanar da maƙwabta da ma'aikata. In ya zama ba komai, ka yi asarar barcin dare ɗaya ne.

Bayan kogi sai sama. Kowa na son inuwa, amma dubi abin da ke bisa kanka: mataccen reshe, itacen da ruwa ya zaizaye saiwarsa, ko wanda ya jingina da ɗan'uwansa. A Ostireliya har gargaɗi ake yi kan manyan itatuwan turare na bakin kogin Murray, don suna yar da reshe ko iska ba ta kaɗa ba.

Kafa tanti ba wuya. Tsince duwatsu, shimfiɗa tamfol a ƙasa, amma ka naɗe bakinsa ciki kada ya leƙo, in ba haka ba shi zai tara ruwan sama ya kai maka ƙarƙashin katifa. In akwai ɗan gangare, kai ya kasance a sama. A ƙasa mai yashi turke ba ya kamawa, sai ka ɗaura igiya a jikin guntun itace ka binne shi a kwance, ko ka danne da dutse. Abin da baƙi ba sa zato shi ne sanyi. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare takan gangaro ta kwanta a kwari, shi ya sa bakin kogi ya fi tudun da ke kusa da shi sanyi da raɓa. Na sha ganin wanda ya zo da bargo uku yana makyarkyata, saboda ta ƙasa sanyin ke shigarsa. Abin da ke tsakaninka da ƙasa ya fi abin rufa muhimmanci. Kada kuma ka toshe tagogin tantin gaba ɗaya, numfashinku zai zama ruwa a rufin ya dinga ɗigo muku. Ragar sauro dai a zuge ta tun kafin magariba.

Sai maganar masu wurin, wato dabbobi. Kogi mashayarsu ce, kai ne ka zo ka tare a bakin randa. In ka ga wata turba da ta fito daga ruwa ta shige ciyawa, an tattake ta, ga kashi ga sawu, kauce mata. A gandun dajin Afirka yawanci ta dorina ce. Da dare take fitowa kiwo, kuma in ta firgita ruwa take nufa a guje, duk abin da ta tarar tsakani ta bi ta kansa. Jikin nan nata kada ya ruɗe ka, ta fi ka gudu. Inda akwai kada, ba a tsugunawa a bakin ruwa, ba a ɗiba a wuri ɗaya kullum, ba a zuwa da duhu. Inda kuma beyar take (wata ƙatuwar dabbar daji ce mai gashi da farata), kamar gandun daji da yawa na Amurka da Kanada, za ka tarar da akwatin ƙarfe a filinka: abinci, shara, sabulu, man goge baki, duk abin da ke da ƙamshi ciki zai kwana. A Yellowstone, wanda aka kafa tun 1872, doka ta ce ka bar yadi 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, yadi 25 kuma ga sauran dabbobi. Ko ina ne dai, kada ka shiga tanti da abinci. Ni birai ne suka koya mini wannan: na bar akwatin sanyi a kan tebur na je wanke hannu, na dawo na tarar da wani ƙato zaune a kai kamar shi ya saya. Kada ka ba su komai, ko sun yi maka kallon tausayi. Dabbar da ta saba karɓa a hannun mutum, ƙarshenta ta fara ƙwace, daga nan kuma ma'aikata su kashe ta. Takalmi kuwa a zazzage shi da safe saboda kunama.

Ruwan kogi, komai haskensa, ba na sha ba ne sai an gyara. Ka bar shi ya kwanta, ka tace da tsabtataccen ƙyalle, ka tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, minti uku in kana wurin da tsayinsa ya haura mita 2,000. Wasu ƙwayoyin cutar sai bayan mako ɗaya ko biyu za su fara murɗa maka ciki, ka riga ka koma gida kana zargin abin da ka ci jiya. A ƙasashe masu zafi, ruwan da ke kwance kusa da ciyayi yana iya ɗauke da tsargiya, ita kuwa ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Wanka da iyo sai inda aka ce an yarda, yara kuma da rigar ceto da babba a tsaye kansu, ba a zaune yana latsa waya ba. Ƙarar ruwa takan haɗiye kukan yaro.

Abin da ke ɓata mini rai a sansani shi ne in ga mutum tsugune yana wanke kwanuka cikin kogi, kumfa na tafiya. Ko sabulun da aka rubuta cewa ba ya cutar da muhalli, ƙasa yake bukata kafin ya narke. Ɗebi ruwa a bokiti, ka yi nisan mita 60, kimanin taku 70 manya, ka yi wankinka, ka tsince ragowar abinci ka sa a shara, ka watsa ruwan a faɗi. In akwai wurin wanke-wanke da bayan gida, magana ta ƙare, su za ka yi amfani da su. In babu, nisan nan dai, rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe.

Wuta a murhun da aka tanada kawai, ƙarama. Sayi itace a wurin, kada ka taho da naka daga nesa, ta haka ƙwarin da ke kashe itatuwa ke yaɗuwa, gandun daji da yawa kuma sun hana tsintar na ƙasa. Kada ka kewaye wuta da duwatsun cikin kogi, ruwan da ke cikinsu in ya yi zafi yana iya fasa su. Komai sanyi, garwashi ko risho ba ya shiga tanti. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, cikin barci take kashewa. Kashe wuta kuma da ruwa ake yi, a zuba a juya a ƙara zubawa, har ka iya kai bayan hannunka kusa da tokar ba ka ji ɗumi ba. Rufe ta da yashi ajiye ta ne kawai.

Da dare ka rage fitila, ka rage murya, sauti na tafiya nesa a kan ruwa. Ni nakan kashe komai in zauna rabin awa ina saurare, don kunnena ya riƙe muryar kogin ta wannan daren. In ta sauya, zan farka.

Ranar tashi kada ka yi gaggawar naɗe tanti, raɓa ta jiƙa shi sharkaf. Juya shi a rana kafin ka gama karyawa, in kuma dole ka naɗe da danshi, ka shanya shi ranar da ka isa gida kafin ya yi fumfuna. Zagaya filin sau biyu kana kallon ƙasa, turaku da murafen kwalba nan suke ɓuya. In hanyar fita ta ratsa mashigi, sauka ka duba shi da ido kafin ka sa taya, ba lallai ya zama yadda ka bar shi shekaranjiya ba. Sandar nan da ka soke a bakin ruwa ma ka je ka zare ta.