Kurakuran da shugabannin matasa ke yi in an fita hawan dutse

Na daɗe ina raka zumuntar matasan coci zuwa duwatsun Shere da ke kusa da Jos, kuma gaskiya kurakuran nan kusan duk shekara sai an maimaita su, har abin ya fara damuna.

Wanda ya fi ci min rai shi ne labarin gaggafa. Ana isa saman dutse sai wani ya buɗe Littafi Mai Tsarki a Ishaya 40:31, ayar da ta ambaci gaggafa, daga nan ya ce wai in gaggafa ta kai shekara 40 takan fasa bakinta a jikin dutse ta fige gashinta duka don ta sake rayuwa har 70. Jama'a wannan ba gaskiya ba ne fa, a WhatsApp aka tsinto shi. Gaggafa a hankali take canza gashi tana ci gaba da tashi, in ta fasa baki yunwa ce za ta kashe ta. Ayar ma ba ta ce haka ba, maganar masu jiran Ubangiji take yi. Ranar da yaro ya gane ƙarya ce, to har ayar zai fara yi wa kallon shakka. Ka tsaya kan abin da ka gani da idonka, ko abin da ke rubuce.

Sai kuma dogon wa'azi ba a kalli komai ba. Karin Magana 6:6 cewa ta yi a je wurin tururuwa a lura da ita, to ku tsuguna mana! Wata rana muka zauna minti 10 shiru muna kallon layinsu suna jan ƙwayar acca, ba wanda ya ba su umarni, wata yarinya ita da kanta ta fito da darasin.

Shugaba kuma sai ya yi gaba abinsa da masu ƙarfi, ya bar ƙananan a baya suna haki, fiya wata ya ƙare tun a gindin dutse. Eh, a Yahaya 10:4 makiyayi yana gaba, amma duba Farawa 33:14, Yakubu ya ce wa Isuwa shi zai taho sannu sannu gwargwadon tafiyar dabbobi da yara. Ko Bafulatani in yana gaba da sandarsa a kafaɗa za ka ga yaro a bayan garke. Ka sa babba ɗaya a ƙarshen layi, a ƙirga kai kafin a hau, a sake ƙirgawa in an sauko.

Kada kuma a koya wa yara wai addu'ar kan dutse ta fi karɓuwa. Yesu ya riga ya amsa wa matar Samariya wannan a Yahaya 4:21, cewa sujada ba ta dogara ga wani dutse ko wani wuri ba. Mun hau ne don mu samu shiru, shi ya sa nake roƙon a bar lasifika a coci.