Darasi na 7: Juyen man giya na mota otomatik, da kanka ko a wajen dila?

Man giya na otomatik, wanda ake rubuta ATF a jikin galan, daban yake da baƙin mai na inji. Da matsinsa giya ke shiga, shi ke sanyaya ta kuma. Sabo yawanci ja ne, in ya tsufa sai ya koma ruwan ƙasa, in kuwa ka shinshina ka ji ƙauri to giyar ta sha wuya, bakanike ya kamata ya gani kafin a taɓa komai.

Ka fara da karanta abin da aka rubuta a jikin sandar gwada man giyar ko a littafin motar. Tsofaffin Corolla da Camry da yawa man T-IV suke sha, na baya-bayan nan WS, Honda kuwa DW-1, motar da ke da giyar CVT, wato otomatik ɗin da ba ta da matakan giya, nata man daban ne gaba ɗaya. Don Allah kar ka yarda mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne tunda duk ja ne, wannan maganar ta kashe giya ba adadi, kuma kuɗin giya ko ta gwanjo ce ya ninka kuɗin mai nesa ba kusa ba.

In motarka tana da sandar gwaji da notin juye a ƙasa, za ka iya da kanka. Ka ɗan zaga da ita man ya yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai daidai, ka ja burkin hannu, kuma kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. Kwance notin ka tara man a roba sannan ka auna abin da ya fito, yawanci lita 3 zuwa 4 ne don sauran yana maƙale a ciki ba ya fita. Daidai abin da ya fito za ka zuba da mazurari, yawa ma illa ne don man kumfa yake yi. Kafin ka zuba, sa sabuwar washa, ɗaure notin ba da ƙarfin tsiya ba. Bayan ka zuba, tada mota ka taka burki ka bi P, R, N, D a hankali, sai ka sake gwadawa. Tsohon man kar a zuba shi a kwata.

Amma motoci da yawa na yanzu ba su da sandar gwajin sam, sai an ɗaga motar an jona kwamfuta an ga zafin man ya kai inda ake so kafin a san ya cika. Irin wannan ka biya dila ko garejin da ke da kayan aikin, kuɗin ba asara ba ne. Haka in motar sabuwa ce tana da garanti. In ka je ka ce a buɗe galan ɗin a gabanka saboda jabu ya yi yawa a kasuwa, a rubuta maka sunan man da kilomitar motar a jikin rasit.

Aikin gida: je ka duba motarka ko ta maƙwabci, ka rubuto sunan man da ke jikin sandar, mu karanta tare a aji.