Kurkum, Citta da Hano: Inda Masu Ciwon Gwiwa Ke Kuskure

Wanda ya shiga layin masu magani a Kasuwar Kurmi ta Kano ya ce gwiwa ta dame shi, ba zai fito hannu rabbana ba. Za a ƙulle masa kurkum da citta, wani lokaci har da ɓawon hano. Waɗannan tsirrai suna ɗauke da sinadarai masu rage kumburi, kuma gwajin da aka yi da kurkumin, sinadarin da ke ba kurkum launinsa, ya nuna yana sassauta zafin amosanin gaɓa ga wasu mutane. Matsalar tana wajen yadda muke amfani da su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa ran warkewa sarai. Ciwon da mutane ke kira sanyin ƙashi, a wajen yawancin iyayenmu, zaizayewar guringuntsin da ke raba ƙashi da ƙashi ne. Babu wani ganye ko saiwa da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya cinye. Abin da za a nema shi ne sauƙi: a iya sunkuyawa a sallah, a taka zuwa masallaci, a yi barci. Wanda ya ce maka zai kawar da ciwon cikin mako guda, kuɗinka yake so.

Sai maganar yawa. Sinadarin kurkumin da ke cikin garin kurkum ɗan kaɗan ne, kusan kashi 3 cikin 100, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai. Don haka barbaɗa shi a shayi ba daidai yake da ƙwayoyin da aka yi gwaji da su ba. Wani bincike na 1998 a Indiya ya nuna sinadarin da ke ba masoro zafinsa yana ƙara shigar kurkumin cikin jini ƙwarai, shi ya sa kamfanoni ke haɗa su. To amma a nan wani kuskuren ke ɓulla, a ce tunda daga tsiro yake, ko nawa aka sha ba komai. An samu mutane a Italiya da Amurka da hantarsu ta taɓu bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi. Idan ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, a daina nan take, a tafi asibiti. Mai tsakuwa a matsarmama da mai ciki su tambayi likita tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gwamutsa magunguna. Hajiya tana shan diclofenac da safe, ibuprofen da rana, ga jiƙon kurkum da citta da dare, kuma babu wanda ya faɗa wa likitanta. Mai shan magani mai hana jini daskarewa, kamar warfarin ko aspirin, yana iya fuskantar zubar jini idan ya ɗora kurkumin a kai. Gyaran ba wuya: a zuba duk abin da ake sha a leda guda, har ƙullin gargajiyar, a kai gaban likita ko mai harhaɗa magani. A kuma guji garin da ba shi da suna ko lambar NAFDAC, musamman wanda ke ɗauke ciwo dare ɗaya ya kuma kumbura fuska, domin ana cakuɗa irinsa da dexamethasone, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi.

Hanon da muke da shi a Arewa ɗan'uwan na Indiya ne, amma ba jinsi ɗaya ba, kuma yawancin gwajin ciwon gwiwa da na Indiyar aka yi. Man shafawa mai sinadarin barkono kuwa yana taimakawa, sai dai yana buƙatar makonni ana shafawa kullum. Kada a kwaɓa dakakken barkono a manna a fata.

Ana kuma mantawa da abin da ya fi duk waɗannan hujja: rage ƙiba da ƙarfafa naman cinya. Kowane kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Zama wuri guda don tsoron ciwo yana ƙara sandarar da gaɓar ne.

Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi tare da zazzaɓi, musamman ga mai sikila, ba ta jiran jiƙo. A nufi Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano a ranar.