Yadda Jami'a Za Ta Janyo Haziƙan Ɗalibai Ta Kuma Kama Hannunsu a Zangon Farko

A yawancin jami'o'inmu, yaron da ya ci maki 300 cikin 400 a jarrabawar JAMB da wanda ya tsallake da ƙyar tarba iri ɗaya ake yi musu: a tara su dubbai a babban ɗakin taro, shugabanni su yi jawabi, a watse. Bayan wata huɗu sakamako ya fito, sai a ga yaron nan da ya saba zuwa na ɗaya tun firamare ya faɗi kwas biyu, ba kuma wanda ya san lokacin da ya fara zamewa. Wannan bayani na ma'aikatan jami'a ne da ke son shirya wa irin waɗannan ɗalibai tsari na musamman, tun daga nemo su har zuwa sakamakonsu na farko.

Mataki na 1: A haɗa kwamiti ƙarami mai iko

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa: wakilin ofishin ɗaukar ɗalibai, wakilin shugaban sashen harkokin ɗalibai, ma'aikacin ofishin kuɗi, mai ba da shawara, da malamai biyu masu koyar da 'yan aji ɗaya. Lallai a sa mace a ciki. Idan babu wanda zai iya sa hannu a ware gado a ɗakin kwana ko a ɗaga wa yaro wa'adin biyan kuɗi, kwamitin zai ƙare a rubuta rahoto.

Mataki na 2: A isa makarantu kafin a buɗe rajistar JAMB

Nan aka fi yin sake. Ɗalibi yana zaɓar jami'a da kwas ne lokacin rajista, wadda aka saba yi a farkon shekara. Don haka ziyarar makarantu ta dace da zangon farko na ajin ƙarshe na sakandare, daga Oktoba zuwa Disamba. Wanda ya jira sakamako ya fito, sai dai ya roƙi yaro ya biya kuɗin sauya jami'a.

Kowa ya san inda ake fara zuwa: makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta 'yan mata da ke Garko, Kwalejin Barewa ta Zariya, makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja. A je musu, amma kada a tsaya nan. Makarantun jeka-ka-dawo na ƙananan hukumomi suna da yaro ɗaya ko biyu a kowace shekara da ke zarra, kuma su ne ba su da yaya ko kawu da zai yi musu bayani. A nemi shugaban makaranta ya ba da sunayen biyar na gaba a aji, da lambar wayar iyayensu.

A wurin ziyarar, abin da ya fi jawabi amfani shi ne a zauna da yara a duba haɗin darussan da za su rubuta. JAMB darasi huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kwas ne ke tantance su. Mai son injiniya da ya bar Fiziks ko Lissafi ya fita daga layi komai yawan makinsa. A kuma faɗa musu gaskiya game da likitanci da lauya: yawan guraben ba a hannun jami'a kaɗai yake ba, majalisar likitoci ta ƙasa da majalisar ilimin shari'a ne ke ƙayyade wa kowace jami'a adadinta. Tun da wuri a nuna musu ƙofofin da ke kusa, kamar haɗa magunguna, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, kwamfuta da lissafi, domin haziƙai da yawa suna ɓata shekara biyu ko uku suna bugun ƙofa ɗaya.

Mataki na 3: A rubuta ma'aunin zaɓe a fili

A haɗa abu uku: makin JAMB, makin jarrabawar tantancewa ta jami'a, da sakamakon WAEC ko NECO. A fitar da kashi biyar cikin ɗari na sama daga kowace tsangaya daban. In aka yi jeri ɗaya ga jami'a baki ɗaya, masu neman likitanci za su cinye shi, a rasa gwanin tarihi ko na aikin gona. Shirin nan ba ya taɓa tsarin rabon gurabe na jami'o'in tarayya, wato kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a ke ɗiba, 20 na jihohin da ke baya a ilimi. Cikin waɗanda suka cancanci gurbi bisa wannan tsarin ake zaɓa. A manna ma'aunin a allo da shafin jami'a, don ranar da wani babba ya aiko da takarda a sami abin nuna masa.

Mataki na 4: A bi kowane yaro da waya har ya karɓi gurbinsa

Tun 2017 ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB ake ba da gurbi. Abu biyu ke kayar da yara a nan. Na farko, rashin ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, wanda ake yi a cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da hukumar ta amince da su. In babu shi, ba za a duba yaron ba. Na biyu, a ba shi gurbi bai shiga ya danna karɓa ba har wa'adi ya wuce, sau da yawa don lambar wayar da adireshin imel ɗin na mai shagon kwamfuta ne. A raba sunayen ga 'yan kwamiti, kowa ya kira nasa, ya yi magana da uba ko uwa cikin ladabi da harshen da suke ji.

Ga 'yan mata, a gayyaci iyaye su zo su ga ɗakin kwanan da idonsu, su gaisa da matar da ke kula da shi. Sau tari wannan ziyarar ce ke sa uba ya ce ya amince.

Mataki na 5: A warware maganar kuɗi da gado

Alkawarin da jami'a za ta iya cikawa kawai za ta yi. Mafi sauƙi kuma mafi tasiri shi ne tabbacin gado a cikin makaranta a shekarar farko. Sai a zaunar da su a cike musu neman rancen karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, da tallafin hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinsu. A gargaɗe su cewa yawancin tallafin kamfanoni da na gwamnatin tarayya sai an nuna sakamakon aji ɗaya ake nema.

Mataki na 6: Kwana uku na maraba, kafin sauran ɗalibai su iso

A kasa su rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma, kowane rukuni da ɗalibi ɗan aji uku daga tsangayarsu. Rana ta farko ta rajista ce: tantance takardu, gwajin asibiti, katin laburare, cike kwasa-kwasai tare da malamin da ke kula da ajinsu. A hana su ɗaukar kwasa-kwasai da yawa. Dokar da aka saba ita ce yunit (ma'aunin nauyin kwas) 15 zuwa 24 a zango, kuma haziƙi yakan so ya kai ƙarshen iyaka. Rana ta biyu a zagaya da su da ƙafa, jadawalin lakca a hannu, su auna tafiyar da ke tsakanin ɗakunan karatu. A jami'a mai harabobi biyu kamar Bayero, su hau motar da ke kai-komo tsakanin tsohuwa da sabuwa su ga minti nawa take ci.

Rana ta uku ta lissafi ce, kuma ita ce zuciyar shirin. A rubuta a allo: maki 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga matsakaicin daraja 4.50, wato a ninka darajar kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit. Sai a ɗauki misalin kwas na shekara huɗu mai yunit 160, 40 a kowace shekara. Don samun 4.50 ana bukatar jimillar 720, wato 160 sau 4.50. Wanda ya gama aji ɗaya da 3.20 ya tara 128, saura 592 a cikin yunit 120, wato sai ya riƙa samun 4.93 shekara uku a jere. A bar kowa ya buga lissafin a wayarsa. A ƙara musu da sharaɗin halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin shiga jarrabawa, da yadda makin gwaji da aikin gida ke shiga sakamako, da hukuncin satar amsa.

A yi musu lakcar gwaji ta minti arba'in, a karɓi littattafansu a duba abin da suka rubuta. Yaron da ya saba malami ya rubuta masa komai a allo a nan ake gane shi.

Mataki na 7: A duba su a mako na shida

Kowane malami mai ba da shawara ya riƙe ɗalibai da ba su wuce goma ba, ya gan su sau ɗaya a mako biyu. Da an yi gwajin farko, kwamiti ya karɓi makinsu daga malamai. Duk wanda ya gaza rabi a wani kwas a kira shi a keɓe, a tambaye shi abinci, barci, lafiya da labarin gida kafin a zo kan karatu, don haziƙi yakan ɓoye faɗuwarsa saboda kunya. In matsalar ta darasi ce, a haɗa shi da ɗan aji biyu da ya ci A a kwas ɗin bara, awa biyu a mako. In ta kuɗi ce, a kai sunansa ofishin harkokin ɗalibai a makon, wani ɗan kwamiti ya bi takardar har a sa mata hannu.