Darasi na 9: Gawon da ke gonarka, na wa ne?

Gawo yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Shi ya sa inuwarsa ba ta kashe gero, kuma hatsin gindinsa ya fi na sarari kyau. 'Ya'yansa su ne abincin awaki idan ciyawa ta ƙare.

Duk da haka, an daɗe a Nijar manomi ba ya ganin gawo nasa ne. Dokar daji ta 1974 ta sa shi cikin itatuwan da aka hana sara, ma'aikatan gandun daji kuma suna cin tarar wanda ya sare shi, ko da a gonarsa ne. Sai mutane suka riƙa share tsiron tun yana ƙarami. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara?

A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a yankin Maraɗi cewa kututturan gona suna da rai. Daga nan sassabin zamani ya yaɗu: ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a jikin kututture, ka datse sauran, ka rage musu rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi. Da aka sassauta wa manoma, itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a hekta wajen miliyan 5. A 2020 gwamnati ta tabbatar a doka cewa itacen da ka rena a gonarka naka ne.

Inda rigima ta rage shi ne gonar aro da ta jingina. Sau da yawa mai gona yakan hana mai aro dasa itace, don kada gobe a ce gonar ta zama tasa. Mata suna shiga ɗiban ganyen kuka, makiyayi yana son reshen gawo da rani. Kowa yana da buƙata ta gaskiya. Saboda haka ranar da za a ba ka aro, ku je gaban mai gari da shaidu, a faɗi wanda zai ɗibi 'ya'ya da wanda zai sari reshe. Ku rubuta, tunda yanzu kun iya.

Aikin gida: ƙirga itatuwan gonar da kake nomawa. Rubuta sunan kowanne, sannan ka rubuta wanda yake da iko da shi. Wanda kuka yi saɓani a kansa a gida, ja masa layi, ka kawo aji mu tattauna.